Fili Ya Gyaru

Aikina ƙirga ciyawa. Idan na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su tsaya jiran in faɗi aikin na gaskiya. To, shi ne na gaskiyar.

Kamfanin da ya haƙi ma'adinai a bayan garinmu ya gama cin abin da zai ci. Ya cike ramukansa, ya kwaso ƙasar saman da ya kankare ya jibge gefe tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya baje ta, ya kakkaɓe hannu. Sai dai doka ta ce ba zai tattara komatsansa ya tafi ba, masu gonakin ma ba za su koma ba, sai an auna an tabbatar ƙasar ta farfaɗo. Ni aka ɗauka in riƙa aunawa.

Kayan aikin nawa ba abin tinƙaho ba ne. Firam ne na farin bututun roba, mita ɗaya kowane gefe, an ɗaɗɗaura masa zare tsaye da kwance har ya zama ƙananan gidaje ɗari. Sai in juya wa fili baya, in wurga firam ɗin ta saman kafaɗa, don kada idona ya yi son kai ya zaɓi inda ya fi kore. Inda ya faɗi, nan zan durƙusa in ƙirga gida nawa ne ke da tsiro. Jifa ashirin ake yi a kowane kashi na filin. Abin da ake nema biyu ne: tsiro ya rufe saba'in cikin ɗari na ƙasa, kuma a samu aƙalla iri goma sha biyar daban-daban. In an samu, a sa hannu, a cire wayar da aka kewaye filin da ita, kowa ya koma gonarsa.

Wurin da kamfani yake kira Kashi na Bakwai, mu a gida gonar Baba muke ce masa. Eka huɗu ne, biyu da rabi na Baba, sauran na Kawu Dogo da maƙwabcinmu Mai Rediyo.

Baba yana da shekara saba'in da takwas, kuma tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ya tsani ciyawa kamarsa ba. Da can mutane sukan ce ko allura ka yar a gonarsa za ka tsince ta. Da aka karɓe gonar sai ƙiyayyar ta rasa wurin zama, ta dawo gida. Yakan bi tsagar siminti a tsakar gida da tsinke. Ranar da na kai shi asibiti likita ya saurari zuciyarsa, muna kan layi na waiwaya ban gan shi ba, ashe yana bayan ɗakin ba da magani yana tuge musu tafasa. Likitan ya ce ya rage wahalar da kansa. Baba ya ce to, kamar yadda yakan ce wa kowa to.

Abu biyu ya riƙe daga tsohuwar gonar. Ɗaya fartanyarsa, wadda ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, yana wasa ta duk mako kamar gobe za a fita. Ɗayan kuma irin hatsin da ya girbe a shekarar ƙarshe. Duk damina sai ya shuka rami goma sha biyu a gefen rijiya, ya girbe, ya zuba a gwangwanin madara, don kada irin ya mutu kafin a dawo masa da gona. Bai taɓa neman abu mai yawa ba. Cewa yake, “Damina ɗaya kawai a gonata, Uwata. In na samu, sauran na Allah ne.” Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Yanzu bari in faɗi laifina tun kafin wani ya faɗa.

A shekarata ta farko a aikin, Kashi na Bakwai jan fili ne fetal, ko tumfafiya ta ƙi shi. Ran da na ga ƙwayar harkiya ɗaya ta leƙo daga ƙasa, na durƙusa na ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya kamar an yi min haihuwa. Ban san Baba yana tsaye a bakin waya yana kallona ba. Da yamma, a gaban Inna, ya ce, “Uwata, shekara huɗu a jami'a, ki dawo kina durƙusa wa harkiya?”

Kunya ta kama ni. Maimakon in zaunar da shi in ce masa harkiyar nan ita ce mabuɗin gonarsa, sai na ce, “Ai Baba sai an san yawanta.”

Ya gyaɗa kai. “Haka ne. Ko yaƙi za a yi, sai an san yawan abokan gaba.”

Na bar shi a haka. Shekara uku na bar shi a haka, don ya fi min sauƙi ya ɗauka ni 'yar leƙen asiri ce a sansanin ciyawa da ya san reno nake yi. Duk safiya yakan zo bakin waya ya ga gonarsa tana ƙara cika da kyasuwa da gamba, ya yi tsaki, ni kuma ina can ciki ina murna a ɓoye kamar mai satar nama a tukunya.

A ƙarshen damina ta uku na yi awo na samu saba'in da takwas cikin ɗari, iri goma sha tara. Na sake lissafin sau uku. Na zauna a ofishinmu, wanda ba kome ba ne illa kwantena mai taga ɗaya da fanka mai kuka, na yi hawaye ni kaɗai.

Mako bai zagayo ba wasiƙa ta iso wa masu gonakin, cikin Turanci, mai hatimi biyu. Baba ya kira Kawu Dogo da Mai Rediyo, suka zauna a kan benci a ƙofar gida, aka miƙo min.

“Karanta mana a hankali,” in ji Baba.

Wasiƙar ta ce jami'in duba muhalli zai zo ran Litinin ta sama, idan ya tarar tsiro ya rufe ƙasa yadda doka ta tanada za a miƙa filin ga masu shi. Kalmar da suka yi amfani da ita doguwa ce, ma'anarta tsirrai su dawo su mamaye wuri. Na dubi fuskokin tsofaffi uku da suka ƙarar da rayuwarsu suna yaƙi da wannan mamayar. Jakata tana hannu, mota tana jirana, don kwana biyar zan yi a babban ofis ina haɗa takardu kafin in taho da jami'in. Sai na bi gajeriyar hanya.

“Sun ce babban jami'i zai zo ran Litinin. In ya ga fili ya gyaru, za a ba ku abinku.”

“In ya gyaru,” in ji Baba.

“In ya gyaru.”

Ya dubi Kawu Dogo, Kawu Dogo ya dubi Mai Rediyo, Mai Rediyo ya rage muryar rediyonsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko a wurin ta'aziyya. Da ina da hankali da na tsaya a nan. Na yi musu sallama na shiga mota.

Ran Litinin muka taso da hantsi, mu uku ban da direba: ni, da Oga, wato manajan kamfani mai kula da filin, da jami'in. Shi jami'in siriri ne mai tabarau, ba ya dariya ba ya fushi, biro uku ne jere a aljihun rigarsa, baƙi da shuɗi da ja. A ofis Biro Uku suke ce masa, a bayan idonsa.

Oga kuwa bakinsa bai huta ba tun daga gari. Ya sa an kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo mai hoto. “Yallaɓai, za ka ga abin mamaki. Ciyawa har ƙugu. Ni kaina in na shiga sai na riƙa tsoron maciji. Kamfaninmu ba ya wasa da muhalli.” Wannan mutumin sau biyu ya taɓa taka filin a shekara uku, dukansu kuma bai sauko daga mota ba.

Muka hau 'yar gangaren da ke gaban ƙofar waya, filin ya buɗe a gabanmu. Oga yana tsakiyar wata magana, sai maganar ta mutu a bakinsa.

Kashi na Shida kore, Kashi na Takwas kore. Tsakaninsu kuwa jar ƙasa tas, eka huɗu, kamar an aske kan yaro. Ba noma kawai aka yi ba, har da shara. Kana iya ganin sawun tsintsiya. A gefen waya an jera tarin ciyawa tsibi-tsibi, kowanne tsayin mutum, a layi ɗaya miƙaƙƙe.

A bakin ƙofa tsofaffi uku ne tsaye cikin fararen kaya. Bayansu 'ya'ya da surukai da jikoki manya, kowa fuska a sake, har da maigadin kamfani, wanda daga baya na ji shi ya buɗe musu ƙofa kuma ya ara musu baro. Baba ne a gaba. Tafin hannunsa na dama naɗe yake da tsumma.

Ya matso ya rusuna wa Biro Uku. “Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ga fili, ya gyaru. Da mun ƙone tarin ma, maigadi ne ya ce ba a kunna wuta a nan.”

Ya waiwayo ya kashe min ido. Baba, mai shekara saba'in da takwas, ya kashe min ido.

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa: shekara uku ina fargabar awaki, da fari, da masu yankan ciyawar sayarwa, ban taɓa kawo fartanyar bayan ƙofarmu a raina ba.

Biro Uku ya ƙare wa filin kallo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya miƙo min hannu. “Malama, firam.”

“Yallaɓai, ai kana gani…”

“Takarda ta ce jifa ashirin.”

Ya shiga tsakiyar filin da takalminsa mai ƙyalli, ya juya baya, ya wurga. Firam ya faɗi a kan ƙasa tsirara. Ya durƙusa, ya duba gidaje ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya, wallahi sai da ya duba, sannan ya ce, “Sifiri.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Baba.

Jifa na biyu, sifiri. Kawu Dogo ya ce madalla. Na biyar, sifiri, mata suka fara tafi daga bakin waya. Mai hoto, wanda ba wanda ya yi masa bayanin kome, yana ta ɗauka ta kowace kusurwa. Oga ya koma ƙarƙashin rumfa ya zauna shi kaɗai a cikin kujeru talatin, ya riƙe kai da hannu biyu.

A jifa na goma sha uku firam ya sauka a kan wani ɗan kwari, sai ga tsiron ƙiri-ƙiri kwance a ciki, kore shar, ya kama gida uku ko huɗu. Gida huɗu ba zai cece mu ba, amma mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Biro Uku ya sunkuya, ya ɗaga biro zai fara ƙirga.

Ban san Baba yana da sauran wannan saurin ba. Kafin in buɗe baki ya iso, ya zura hannunsa mai tsumma ta cikin zaren, ya tuge ƙiri-ƙirin har saiwa, ya kakkaɓe, ya cusa a aljihun farar rigarsa.

“A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ido ya tsufa.”

Biro Uku ya dube shi, ya dubi firam, ya ce a hankali, “Sifiri.”

Da aka cika ashirin Oga ya taso yana huci, ya nufi tsofaffin. “Wa ya ba ku izini? Kun san abin da kuka…”

Na sha gabansa. “Oga, da ni za ka yi. Ni na karanta musu wasiƙar.” Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba.

Na ciro fayil ɗina na buɗe wa Biro Uku a kan bonet ɗin mota. Ga awon makon jiya, saba'in da takwas. Ga hotuna masu kwanan wata. Ga Kashi na Shida da na Takwas suna ba da shaida. Ya duba kowane shafi, bai yi gaggawa ba.

“Na yarda da ke, Malama. Ko makaho ya shafa tarin can ya san fili ya yi ciyawa. Amma layin da zan sa hannu cewa ya yi abin da na gani da idona, a tsaye, saiwarsa a ƙasa.”

Duk da haka ya taka zuwa tari na farko, ya zaro wani ganye da ya fara yaushi, ya juya shi. “Wannan fa?”

Na buɗe baki zan laluɓo sunan littafi, Baba ya riga ni. “Gogamasu ne. Ba ya fitowa sai ƙasa ta gaji, amma ta fara samun sauƙi. Wannan balasa, mai son laima. Ga nonon kurciya. Ga burburwa. Wannan ɗan banzan ƙaimin ƙadangare ne, shi ya yanke min hannu.” Yana zarowa yana jefarwa da ƙyama, Biro Uku yana rubutawa da shuɗin biro a bayan takarda. Suka bi tari uku. Iri ashirin da uku Baba ya lissafa. Ni mai digiri, a shekara uku, goma sha tara na gano.

Biro Uku ya ja layi ƙarƙashin ashirin da ukun, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya mayar da shuɗin biro aljihu ya ciro ja. Doka ta ce filin da aka taɓa bayan an fara awo, lissafinsa ya koma farko. Damina uku.

Kafin ya shiga mota ya ce min, murya ƙasa-ƙasa, “Kada ku bari a kwashe tarin nan. 'Ya'yan ciyawar suna ciki. A baje shi a kan filin, zai taimaka. Wannan ba a takarda yake ba.”

Motoci suka tafi, masu rumfa suka fara naɗe ta. Baba ya same ni zaune a gindin wani tari. Ya zauna kusa da ni da ƙyar, yana numfashi sama-sama, ya ce, “To, Uwata, mun ci?”

Na faɗa masa. Duka na faɗa masa, tun daga harkiyar farko. Na ce ciyawar nan ita ake nema, ita ce shaidar ƙasa ta dawo da rai, sifiri kuma ba yabo ba ne. Ina magana ina kallon takalmina.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙiri-ƙirin nan, ya ɗora a gwiwarsa yana kallo.

“Wato duk durƙuson nan da kike yi, ba ƙirga abokan gaba kike ba.”

“Reno nake yi, Baba.”

“Me ya hana ki faɗa min?”

“Kunya nake ji.”

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. “Ni kuma kwana biyar ban miƙe bayana ba, don kada ki ji kunya a gaban baƙo. Na ce yarinyar nan ita kaɗai suka bar wa eka huɗu, ƙirgawa kawai take iya yi, ba ta da mai taya ta cirewa.”

Nan na fashe da kuka, shi kuma ya bar ni na yi. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata, kuma ɓarawon da mai damin duk 'yan gida ɗaya ne.

Washegari garin ya ga abin da bai taɓa gani ba: Baba da Kawu Dogo da Mai Rediyo suna tura baro, suna watsa ciyawa a gona da hannunsu. Mutane suka taru a bakin waya suna kallo. Na ce wa Baba a warwatse ake so, yadda Allah yake yi. Ya ce to. Da na dawo bayan awa ɗaya na tarar ya jera ta layi-layi, taku ɗaya tsakani, ko igiya aka ja sai haka.

Ran Laraba da safe ina kwantena sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, da fartanya a kafaɗa. Ya sauke ta a kan teburina, a kan takardu.

“Kina da wurin da ake kullewa?”

Na nuna masa kabad ɗin ƙarfen da nake ajiye firam.

“Sa ta ciki. Mabuɗin kuma kada ki kawo shi gida. Na san hannuna, in ya ga ciyawa ba ya jin magana.”

Na sa ta, na kulle. Ya tsaya yana kallon kabad ɗin kamar wanda ya raka ɗansa makarantar kwana.

“Damina uku suka ce?”

“Uku, Baba. Kamar gobe ne.”

Amma shi da ni duk mun ji abin da likita ya faɗa kan zuciyarsa.

Na ce, “Irin hatsin fa?”

“Shi yana nan. Rami goma sha biyu, gefen rijiya, kamar kullum.” Ya gyara hularsa ya juya, ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya, bai waiwayo ba. “Baɗi in an yi ruwan shuka ki zo ki tsaya kusa da ni, ki ga yadda ake yi. Kada a bar miki abin da ba ki iya ba.”

Na ce to. Ta taga na bi shi da kallo har ya kai bakin waya. Wata tafasa ce ta tsiro a gindin turken ƙofa, ya tsaya a kanta, ya sunkuya rabi. Sai ya miƙe, ya haɗa hannayensa biyu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya wuce.